Kafin Injin CNC Ya Iso Shago: Wuta, Daɓe da Awon Farko

Mai shagon da ya biya kuɗin injin sassaƙa na CNC, wato mai yanka da umarnin kwamfuta, yakan ɗauka abu ɗaya ya saya. A takardar ciniki haka ne. Amma ranar da aka fasa akwaku, injina huɗu zai tarar waɗanda dole su yi aiki tare: teburin yanka, famfon da ke zuƙe falle ya manne a kan tebur, injin zuƙar ƙura, da akwatin wutar da ke ba kowa umarni. Kowannensu da abin da yake nema daga shago. Yawancin laifin da ake ɗora wa "injin China" a watannin farko, irin su layi ya karkace, allon umarni ya tsaya cak, kan injin ya ƙone, daga shagon yake fitowa: wuta mai hawa da sauka, wayar ƙasa ta jeka-na-yi-ka, daɓe mai gangara. Makonnin da injin yake kan teku su ne lokacin gyara waɗannan abubuwa.

Za mu ɗauki samfurin da ya fi yawa a hannun kafintoci da masu allon talla, wato 1325, wanda galibi ake ƙerawa a birnin Jinan na lardin Shandong. Lambar girman filin yankansa ce, milimita 1300 a faɗi, 2500 a tsawo, don ya ɗauki fallen MDF ko fulawud na kasuwa mai 1220 da 2440 ba tare da an rage shi ba. Jikin injin ya fi haka: tsawonsa ya kan wuce mita 3, faɗinsa ya kai mita 2, nauyinsa tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Tun injin yana masana'anta akwai abin da ya kamata a karɓa daga mai sayarwa. A nemi hoton farantin da ke manne jikin sifindil, wato kan injin da ke juya bakin yanka, da na inbata, wato na'urar da ke ba sifindil wuta tana sarrafa saurin juyinsa, da na famfon zuƙa. A kan waɗannan faranti ne aka rubuta ainihin kilowat da bolt da amfiya, kuma da su mai wayarin zai yi lissafi, don abin da ke cikin takardar talla ba kullum yake dacewa da abin da aka ɗaura ba. A nemi zanen wayoyin akwatin wuta, da girman akwakun da aka rufe injin a ciki, da bidiyon injin naka yana yanka kafin a rufe shi. A Najeriya, Form M, wato takardar shigo da kaya, ana buɗe shi ta banki kafin a loda kaya a jirgi, PAAR kuma, takardar ƙiyasin haraji, daga kwastan yake fitowa. Wanda ya bar takardu sai kaya sun sauka Apapa ko Tin Can, kuɗin ajiya na tasha zai ci ribar aikin wata da watanni.

Wuta

Nan ne ya kamata a fi zama, domin nan aka fi yin asara. A ɗauki injin mai sifindil kilowat 4.5, famfon zuƙa 7.5, injin ƙura 3, sai motocin lantarki da ke tura gada, wato ƙarfen da ya gitta tebur yana ɗauke da sifindil, da akwatin wuta kamar kilowat 2. Jimla 17. A wutar layi uku mai bolt 400, wannan ya kai amfiya 30 da ɗan wani abu. Idan tazara daga mita zuwa injin ba ta wuce mita 30 ba, wayar tagulla mai kauri 10 mm² da bireka mai amfiya 40 zuwa 50 sun wadatar. Idan tazarar ta fi haka a hau zuwa 16 mm², saboda bolt yana zubewa a doguwar waya. A kuma lura da wayar kasuwa da aka rubuta 10 a jikin robarta alhali tagullar ciki ba ta kai ba. A feɗe baki a auna.

Wayoyi biyar ake ja: layi uku, nutural, da wayar ƙasa. Injina da yawa daga layi ɗaya da nutural suke ɗaukar bolt 220 na allon umarni da fankoki. Idan nutural ya saki a kan turke ko a cikin canjoba, bolt ɗin da ke shiga waɗannan ƙananan kaya zai iya tashi ya doshi 400, kuma kafin a ankara sun soye. Ɗaurin nutural ba wurin da za a bar wa yaron shago ba ne.

Lissafin janareta ya bambanta da na waya. Kilowat 17 ya kama kVA 21, amma wanda ya sayi janareta mai 20 ko 25 zai sha mamaki. Famfon zuƙa mai kilowat 7.5, idan an tayar da shi kai tsaye, yana jan ninki shida zuwa bakwai na wutar da yake ci a lokacin aiki, na 'yan daƙiƙoƙi. A wannan ɗan lokaci bolt yana faɗuwa, inbata ta kashe kanta, allon umarni ya sake tashi daga farko. Janareta mai kVA 30 shi ne mafi ƙanƙanta, 40 ya fi kwanciyar hankali. A sa wa famfon na'urar tayarwa ta sita-delta, wadda ke rage jan farko zuwa kashi ɗaya cikin uku. Sannan a bi jeri wajen kunnawa: famfo tukuna tun janareta ba shi da kaya, sai injin ƙura, sai akwatin wuta, sifindil a ƙarshe.

Wutar gwamnati kuwa, ko ta KEDCO ce ko ta Kaduna Electric ko ta NIGELEC, abu biyu take yi wa irin wannan inji. Na farko hawa da sauka. Kayan lantarkin ciki suna jure bambancin kashi goma cikin ɗari sama ko ƙasa. Unguwar da layi ke sauka zuwa 340 da yamma tana buƙatar sitabilaiza ta layi uku mai kVA 30. Na biyu, wanda ya fi muni, ɗaukewar layi ɗaya a bar biyu. Motar famfo ba ta tsayawa, sai ta ci gaba da gurnani tana jan wuta fiye da kima har kwayil ya ƙone. Akwai 'yar na'urar tsaro da ke yanke komai da zarar layi ɗaya ya ɓace ko jerin layukan ya juye. Kuɗinta bai kai na naɗin kwayil sau ɗaya ba.

Juyewar layi ma abin lura ce. Famfo da injin ƙura suna bin jerin layukan da aka ba su: idan aka musanya biyu, sai su juya baya, famfo ya riƙa hurawa maimakon zuƙa. Dole jerin janareta da na wutar gwamnati su zama ɗaya a canjoba, in ba haka ba duk ranar da aka sauya sai abu ya birkice. Sifindil bai damu da jerin da ke shigowa ba, tunda ta inbata yake samun wuta. Idan shi ne ya juya baya, wayoyi biyu daga cikin U, V, W da ke fita daga inbata ake musanyawa, bayan an kashe wuta an jira minti goma, saboda inbata tana riƙe caji mai kisa. Bakin yanka yana juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya idan an leƙo shi daga sama. Kuma kada a taɓa sa makunni tsakanin inbata da sifindil. Yanke wannan layi ana cikin juyi yana fasa inbata.

Wanda ba shi da layi uku a unguwarsa, akwai injina masu bolt 220 na layi ɗaya, yawanci da sifindil kilowat 2.2 ko 3 kuma ba famfon zuƙa, sai a riƙe falle da maƙalai. Wannan zaɓi ne da ake yi ranar oda. Mayar da injin layi uku zuwa layi ɗaya bayan ya iso wahala ce da ɓarnar kuɗi.

Sai wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin. Aikinta biyu: kare rai, da kwashe hayaniyar lantarki da inbata ke watsawa. Inbata tana kunna wuta tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan yana shiga siraran wayoyin da ke kai saƙo ga motoci. Idan atin ba shi da kyau, alamominsa masu rikitarwa ne. Injin zai yi aiki lafiya sifindil na kashe, da an kunna shi sai gada ta tsallake mataki, ko allo ya daskare, ko ma'aunin tsayin baki ya amsa tun bakin bai taɓa shi ba. A nan ne ake ɓata mako guda ana musu da mai sayarwa ta WhatsApp.

A kafa wa injin sandar ƙasa tasa, mai rufin tagulla, tsawon mita 1.5 zuwa 2.4, da waya mai kauri 6 ko 10 mm² zuwa jikin akwatin wuta da ƙarfen tebur. Masana'antun China sukan nemi awon atin bai wuce om 4 ba. A ƙasa mai yashi irin ta arewa sanda ɗaya ba ta cika kaiwa ba, sai a ƙara ta biyu da ta uku, tazarar kowace ta kai tsawon sandar, a haɗa su. Gishiri da gawayi da ake zubawa a rami suna sauke awon da farko, amma gishiri yana cin ƙarfe, ruwan damina kuma yana wanke shi. Ramin da ya ba da awo mai kyau a watan Agusta zai iya zama banza a watan Maris, don haka a bar bututun da za a riƙa zuba masa ruwa da rani. Kada a ɗaure atin a kan nutural a jikin injin, kada kuma a bar mai walda ya maƙala wayarsa a ƙarfen da ke haɗe da teburin.

Daɓe da ƙofa

Kankare mai kaurin santimita 15 a kan ƙasar da aka daddale ya isa. Idan sabo za a zuba, a zuba shi wata guda kafin isowar injin, domin kankare sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Tun ran gini ran zane: a lokacin zubin ne ake binne bututun da wayoyi da tiyon famfo za su bi, don kada a riƙa tuntuɓe da su ana ɗauke da falle. Tayil da bulon intalok ba su dace ba, suna nutsewa ƙarƙashin ƙafa ɗaya su bar sauran.

A bar mita ɗaya a gefe biyu da baya, mita 3 a gaban da za a riƙa shigar da falle. Ƙofa ta kai mita 2.5 a faɗi. A auna ta da tef, a auna lungun da mota za ta shigo, a duba wayoyin da suka ratsa sama. Famfon zuƙa yana da ƙara da zafi, gara a yi masa 'yar rumfa a bayan bango. Akwatin wuta kuma a nisanta shi da bangon yamma da rana ke dukawa, saboda yawancin inbata suna fara rage ƙarfi idan zafin da ke kewaye da su ya wuce digiri 40, kuma shago mai rufin kwano a watan Afrilu ya san wannan lamba. A toshe duk kafar da ɓera zai bi. Sarƙar robar da wayoyi ke kwance a ciki wurin kwana ce gare shi, kuma waya ɗaya da ya gwaguya tana iya tsayar da aiki kwanaki kafin a gano ta.

Ranar saukewa a samu fokilif mai ɗaukar tan 3 da dogayen cokula, ko motar kiren. Kafin a sa hannu a takardar direba a zagaya akwakun ana ɗaukar bidiyo: inda ya fashe, inda cokali ya huda, alamar ruwa. Ana ɗaga injin ta ƙarƙashin ƙarfen gindinsa kawai. Igiyar da aka ɗaura a gada, ko majiya ƙarfi goma da suka kama ta suna "a ɗaga", sun isa su karkatar da ita tun ba a kunna ba. Cikin shago ana gangara shi a kan bututun ƙarfe uku ko huɗu masu kauri ɗaya, a hankali. Bayan ya zauna a nemi ƙarafan da aka ɗaure gada da kai da su don tafiya, galibi an shafa musu jan fenti, a kwance su duka kafin a ba shi wuta. Man hana tsatsa da ke kan dogon da gada ke bi da haƙoran da giya ke kamawa a goge shi da tsumma da kananzir, sannan a zuba man dogo mai lamba 68 a tulun famfon hannu, haƙoran gefe kuma a shafa musu giris kaɗan. Giris mai yawa garin katako yake tarawa.

Daidaita tebur ba don kyan gani ba ne. Ƙarfe mai tsawon mita 3 yana murɗewa idan ƙafa ɗaya ta fi sauran ɗaukar nauyi, dogayen gefe biyu su daina zama a shimfiɗe ɗaya, gada ta riƙa tafiya tana lanƙwasa. Filam ɗin magini bai isa ba, a aro na masu injin ƙarfe mai awon 0.02 mm a mita. A fara da ƙafafun kusurwa huɗu, na tsakiya a ɗage, a ɗora ma'aunin a kan dogon kansa a gaba, tsakiya da baya, sannan a sauko da na tsakiya su taɓa ƙasa kawai. In ba a samu ma'aunin ba, a ja siririn zaren kamun kifi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa su gitta a tsakiya, a ɗaga na sama da kaurin zaren a bakinsa biyu. Idan babu murɗiya, za su shafi juna da kyar a mahaɗa.

Ruwa da ƙura

Sifindil mai sanyaya da ruwa yana zuwa da ɗan famfo irin na tankin kifi. Ruwan burtsatse yana barin farin gishiri a siraran hanyoyin ciki har su toshe, don haka ruwan batir mara asid ake zubawa, lita 20 ko fiye, a mazubi mai murfi. A sa tiyon dawowa inda ido zai riƙa ganin ruwa na zuba, a kuma haɗa famfon da makunnin akwatin wuta don kada wani ya manta. Ruwan kada ya wuce digiri 35. Na'urar CW-3000 da ake yawan haɗawa da injin fanka ce da lagireto kawai, ba ta iya sauke ruwa ƙasa da zafin ɗakin. Mai sanyaya na gaske sai CW-5000 ko 5200, masu kwamfureso. Sifindil mai fanka ya huta da duk wannan, sai dai ya fi ƙara, kuma ba a son a daɗe da shi a ƙananan juyi saboda fankar ba ta hura isasshiyar iska.

Garin MDF ya fi na katako laushi, kuma yana ɗauke da gam mai sinadarin fomaldihaid. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Takunkumin tsumma ba ya tare ta. Tiyon zuƙa ya zama mai faɗin milimita 100, gajere, marar lanƙwasa da yawa, a kuma haɗa wayar ƙarfen da ke cikinsa da atin, domin a hunturu garin da ke gudu cikin roba yana tara caji har ya yi tartsatsi ya rikita allo. Gobara kuma ta wannan hanya take zuwa: baki ya dushe ko ya tsaya wuri ɗaya yana juyawa, gari ya kama, famfon zuƙa ya riƙa ja wa garwashin iska ta ƙarƙashin falle inda ba a gani. A rataye tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa. Idan an kira salla a danna dakatarwa, a ɗaga baki, a kashe sifindil, allon zai ci gaba daga inda ya tsaya. Babbar riga, hannun riga mai lilo da safar hannu ba su da wuri kusa da baki.

Kunnawar farko da awo

Kafin komai a buɗe akwatin wuta a bi kowane sukurun waya da sukundireba, saboda girgizar teku da ta hanyar Legas zuwa arewa tana sassauta su. A auna bolt tsakanin layi da layi, da layi da nutural. Bayan an kunna, abu na farko shi ne a kwafi saitin masana'anta a filashi biyu, a kuma ɗauki hoton saitin inbata. Sifindil mai juyi 24,000 a minti yana aiki a 400 Hz, mai 18,000 a 300 Hz. Inbatar da aka mayar saitin asali za ta koma 50 Hz, ta tura wa sifindil cikakken bolt a ƙaramin juyi, kuma hayaƙi ne zai biyo baya.

A gwada jan maɓallin gaggawa. A matsa kowace hanya a hankali, X da Y da Z, wato faɗi da tsawo da sama da ƙasa, a tabbatar kowace tana zuwa inda kibiyarta ta nuna. A kusanta ƙarfe ga kowane ma'aunin iyaka, wato na'urar da ke sanar da injin ya kai ƙarshen hanya, a ga fitilarsa ta kama, sannan a ba da umarnin komawa gida, wato mafarin awon injin, hannu na kan jan maɓalli. Sifindil a ɗumama shi ba baki, notin da ke riƙe baki a cire: minti biyar a 6,000, biyar a 12,000, biyar a 18,000. Ɗumamawar ta zama al'adar kowace safiya, ko da a taƙaice.

Yanzu awo, kuma jerinsa yana da muhimmanci, domin kowane mataki a kan na baya yake tsaye. Na farko nisa. A ɗaura baki mai tsini, a yi ɗigo, a umarci injin ya tafi milimita 1000, a yi wani ɗigon, a auna da rular ƙarfe. Idan an samu 998.5, kada a yi saurin taɓa saiti. A kashe wuta a girgiza gada da hannu tukuna, don ƙaramin giya da ya saki a kan sandarsa ko bel mai sako-sako su ne sababi mafi yawa. Idan komai a ɗaure yake, sai a gyara lamba. A allon hannu na RichAuto lambar tana nufin bugun lantarki nawa ake tura wa mota a milimita ɗaya: idan 160 ce, a ninka da 1000 a raba da 998.5, a samu 160.24. A manhajar NC Studio akasin haka ne, milimita nawa ne a bugu ɗaya, don haka lissafin juyawa yake. Wanda ya yi amfani da dabarar wancan a wannan zai ninka kuskurensa biyu.

Na biyu kusurwa. A yi ɗigo huɗu na siffa mai kusurwa huɗu, 1200 da 2400, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Kowane ya kamata ya ba da 2683. Idan bambancin biyun ya wuce milimita ɗaya, gada a karkace take, kuma duk ƙofar kabad da aka yanka ba za ta zauna ba. Tunda mota biyu ke jan gada, ɗaya a kowane gefe, ana kashe wuta a tura gefe guda kaɗan, ko a sassauta notunan ƙafar gada a gyara, a sake aunawa. A hana yara tura gada da hannu injin na kashe, don ta nan karkatar take dawowa.

Na uku allon fansa, wato fallen MDF da ake shimfiɗawa a kan tebur don baki ya ci shi maimakon teburin. MDF yana da fata mai santsi a fuska biyu wadda ke hana iska wucewa, don haka a share rabin milimita daga kowace fuska da faffaɗan baki mai milimita 40 ko 50, a juyi 12,000. Gefunan huɗu a shafe su da fenti ko gam, in ba haka ba famfo iskar ɗaki zai riƙa zuƙa ta nan. Wannan sharar ita ce kuma gwajin tsayuwar sifindil. A shafa da yatsa: idan ana jin tudu tsakanin layi da layi, kan ya jingina ta ɓangaren da ya gitta hanyar tafiyar. A share sau ɗaya ta tsawo, sau ɗaya ta faɗi, za a san ta ina ya karkata. Jinginar hagu da dama ana gyara ta da sassauta notunan farantin kai, ta gaba da baya kuma da cusa siririn ƙarfe a bayansa. Yankin gwangwanin lemo, mai kaurin kusan 0.1 mm, yana yin aikin. Allon yana kumbura da damina ya motse da hunturu, sai a sake share shi duk sauyin yanayi.

Kolet, wato maƙalar da ke riƙe baki, ana fara danna ta cikin noti har ta yi ƙas, sannan a sa baki, sannan a ɗaura. Wanda ya cusa ta cikin sifindil kai tsaye ya matse, baki zai riƙa rawa ya karye. A kula da bakin milimita 6 da na kwatan inci mai 6.35. Ido ba ya bambanta su, amma kowanne da kolet ɗinsa. ER20 ba ta ɗaukar abin da ya wuce milimita 13, a tuna da haka wajen sayen faffaɗan baki.

Manhajar zane, ko Aspire ce ko ArtCAM da Autodesk ta daina sayarwa a 2018 amma har yanzu take cike da shaguna, dole a zaɓi mai fitar da fayil da ya dace da allon injin, kuma a milimita. Allon hannu ya fi son ƙaramar filashi mai tsarin FAT32, wadda ba a yawo da ita shagunan tura waƙa.

Yankan farko a yi shi a iska, baki na sama da falle da santimita 5, a ga hanyar da zai bi. Sannan a yanka a ragowar falle, ba a kayan mai oda ba: murabba'i mai 100 da 100, da'ira mai faɗin 100, da rami a tsakiya. A auna kaurin fallen da baniya, wato ma'aunin kauri mai baki biyu, domin MDF da ake kira 18 a 'yan katako na Na'ibawa ko kasuwar Katako ta Yamai yakan zo 17 da wani abu. Saurin tafiya lissafi ne: juyi sau yawan haƙoran baki sau kaurin abin da kowane haƙori zai ɗiba. Baki mai milimita 6 da haƙori biyu, a juyi 18,000, yana ɗibar 0.15, ya ba da milimita 5,400 a minti, zurfin kowane zagaye kada ya wuce kaurin bakin. Sabon mai aiki yakan ji tsoro ya rage tafiya zuwa 1,500 ya bar juyi a sama, sai bakin ya daina yanka ya koma guga, ya yi baƙi, gefen aiki ya ƙone. Abin da ake so ya fito shi ne ɓarɓashi mai ɗan kauri, ba gari mai laushi ba.

Abin da aka yanka shi zai faɗi sauran. Da'irar da ta fito kamar ƙwai, ko mai ɗan tudu a wurare huɗu inda hanya ke juyawa, tana nuna sako-sako tsakanin giya da haƙora. Murabba'in da ya ragu daidai ta kowane gefe, kaurin bakin ne ya wuce abin da aka rubuta a manhaja, a auna shi a gyara. Matakala a jikin yanka, inda zagaye na biyu bai bi sawun na farko ba, ko dai falle ya motsa ko mota ta tsallake mataki. Idan ƙaramin yanki ne ya motsa, famfo ba shi da laifi: ƙarfin riƙonsa gwargwadon faɗin abin da ya rufe ne, yankin da bai fi tafin hannu ba sai an bar masa 'yan wuraren da ba a yanke ba su riƙe shi ko siririyar fata ta rabin milimita a ƙasa, a kuma rufe sauran filin tebur da leda. Bayan wata ɗaya na aiki a sake ɗora ma'auni a kan dogo, a sake auna kusurwoyin nan biyu, a bi notunan giya, domin daɓe yana ɗan zama a ƙarƙashin tan ɗaya da rabi mai girgiza.